Kafin a Sallama Maka Ƙaramar Mota ta Hannu

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu saurare, na cikin garin Bangi da ƙauyukan kewaye, na Madawa, na Buza, na Keita, da ƴan'uwa na tsallaken iyaka wajen Sabon Birni waɗanda muryarmu ke isa gare su, barkanmu da war haka.

Yau zancen mota za mu yi, ƙaramar mota ta hannu. Irin wadda malamin makaranta ke tsimin albashi shekara da shekaru don ya mallaka, ko ungozomar asibiti, ko manomin albasa in Allah ya ba da kasuwa, ko ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan ko Libiya da ɗan abin hannunsa. Starlet, Yaris, Micra, Peugeot 206, Corsa, Picanto da danginsu. Ba mai ganin laifin wanda ya ƙwallafa rai ga mota a wannan yanki namu. Wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a bayan babur cikin dare, ya nufi asibitin Madawa ko na Galmi da ita, ya san amfanin mota. Abin da ke damunmu shi ne yawan bayin Allah da ke zuba gumin shekaru a kan mota, kafin wata uku ya cika ka tarar an ɗora ta bisa duwatsu a ƙofar gida, kaji na kwana ƙarƙashinta.

Tambayar da aka fi yi ita ce, wace ce ta fi ƙwari? Kafin mu amsa, mu tuna don wa aka ƙera waɗannan motoci. An ƙera su ne don biranen Turai da Japan, inda kwalta take sumul, gari da sanyi, tafiya gajera, mutum ɗaya ko biyu a ciki, mai kuma tatacce. Mu kuwa za mu kawo ta inda zafin Afrilu da Mayu ke kai maki 45, ga ƙurar hunturu, ga gargadar burji, ga duwatsun Adar tsakanin Buza da Keita, ga yashi, ga ƙoramu in damina ta sauka. Tsakanin cikin yawancinsu da ƙasa santimita 13 ne zuwa 15, alhali na Hilux ya haura 20. Saboda haka in an ce mota ta yi suna a Turai, magana ba ta ƙare ba. A wurinmu mota mai ƙwari ita ce wadda makanikenka ya san cikinta ciki da bai, wadda in wani abu ya karye yau, za a samo shi a Madawa, ko Ƙonni, ko Maraɗi kafin faɗuwar ranar gobe.

Daga ina suke zuwa? Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a watan Oktoba na 2020, inda ta ce daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. A cikin rahoton akwai binciken da hukumomin Holan suka yi kan motocin da ke barin tashoshinsu zuwa Afirka. Sun tarar yawancinsu shekarunsu 16 zuwa 20, kuma da dama ba su da takardar shaidar lafiyar hawa hanya. A taƙaice, motar da muke kira sabuwar shigowa, a garinsu ta riga ta tsufa.

Shekaru da yawa hanyarsu ɗaya ce sananniya: jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, a biyo ta Faraku da Malanbil, a ƙetare gadar Gaya, a zo Dosso, daga nan wasu su yi Yamai, wasu su biyo babbar hanya zuwa Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Damagaram. Tun bayan 26 ga Yulin 2023 da aka rufe iyakar Benin, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi tsawo, kuɗin kawowa ya ƙaru, sai mutane da yawa suka koma sayen wadda ta riga ta yi aiki a cikin gida. To a nan sai an buɗe ido. Ta cikin gida ta sha hanyarmu, ta bi ta hannun makanikai barkatai, wata ma taksi ta yi a Yamai shekara goma kafin a sake mata fenti. Ka duba ƙofofin baya da kujerun baya. In sun fi na gaba jin jiki, motar haya ce, ko da mai ita ya rantse.

Bari mu ɗauke su da sunayensu.

Starlet ita ce wadda kowa ke yabo, kuma ta cancanci yabon. Injinta ba shi da rikici, ba ta shan mai, kayanta na ko'ina, yaron gareji ma ya san ta. Amma kamfanin Toyota ya daina ƙera wannan Starlet ɗin da muka sani tun 1999. Ban da sabuwar da aka sake laƙaba wa sunan a 2020, duk Starlet ɗin da ka gani a kasuwa ta haura shekara 25. Shekarun nan suna cikin wayoyinta, suna cikin robobinta, suna cikin ƙarfen ƙasanta. Sunan Starlet ba zai hana tsatsa ci ba.

Wadda ta gaje ta ita ce Yaris, da ta fito a 1999, wadda a Japan aka riƙa kira Vitz. In ka tambaye ni, a cikin ƙananan nan ita na fi natsuwa da ita ga mutumin Bangi, musamman mai inji 1.3 da giyar hannu. Sarƙa ce ke juya tayimin ɗinta, ba bel ba, kuma kayan Toyota ba sa wuyar samu a Maraɗi da Sakkwato. Sai dai a kula da Vitz. A Japan sitiyari na dama ne, don haka wadda ta fito can akan juya mata shi zuwa hagu kafin ta hau hanyarmu. Juyin nan in ba gwani ya yi ba, an yanka wayoyi an ɗaure da salatif, an yi wa sandar sitiyari walda, an ƙara wa bututun birki tsawo. Ka leƙa ƙarƙashin allon gaba da tocila. Ka dubi masu share gilashi, in kwanciyarsu ta mai tuƙi a dama ce, an juya ta. Ni dai ba zan sa iyalina a motar da aka yi wa sandar sitiyari walda ba.

Nissan Micra tsohuwar, wadda aka yi daga 1992 zuwa 2002, jaruma ce, ita ce ma taksin birnin Ibadan. Tsatsa ce babbar cutarta. Wadda ta biyo bayanta kuma sarƙar tayimin ɗinta kan saki in an yi sakaci da canjin baƙin mai, haka ma Opel Corsa mai inji 1.0 da 1.2. Alamar ita ce kacau-kacau daga gefen inji a tashin farko da safe.

Peugeot 206 tana da daɗin tuƙi, tana da araha, shi ya sa take jan matasa. Ka tsaya bayanta ka dubi tayoyin baya biyu. In kawunansu sun karkata ciki, ko kana jin ƙiiƙii in an danna bayan motar, gatarin baya ya tafi, kuma gyaransa ba ƙaramin kuɗi ba ne. A gargadar burji da lodi ba ya daɗewa. Tana kuma da rigimar wuta, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe sigina ta ƙi kamawa. Toyota Aygo da Peugeot 107 da Citroën C1 kuwa mota ɗaya ce mai suna uku, masana'anta ɗaya ta fara fitar da su a ƙasar Cek a 2005. Injinsu mai silinda uku yana da juriya, amma kuloci na saurin cinyewa, famfon ruwa kan yi yoyo, kuma ƙanana ne ƙwarai. Picanto ta farkon fitowa an san ta da kwancewar ƙusar fulin da ke gaban inji, a sa makanike ya duba wurin. Masu shan gazuwal na zamani, irin su HDi da dCi, a bar wa mutanen birni. Nozul ɗinsu ba ya jure gurɓataccen mai, kuma kuɗin guda huɗu kan tasam ma rabin kuɗin motar.

Yanzu giya. A nan ba ni da kokwanto: ɗan'uwa, in a karkara kake, nemi giyar hannu. Akwai wata irin giya a ƙananan motocin Turai da ake sayarwa da sunan otomatik, alhali giyar hannu ce aka ɗora wa ƴan injunan lantarki suna taka kuloci a madadinka. Toyota na kiranta MMT, Opel na kiranta Easytronic. In ta rikice sai ta tsaya cik a tsakiyar hanya, harafin N na ƙyaftawa, kuma ba ta gyaruwa sai da kwamfuta da wanda ya iya. Akwai kuma CVT a wasu Micra da Vitz, wadda ke da man giyarta na musamman. Aka zuba mata man otomatik na gama-gari, an kashe ta. Ga kuma wata magana da duk direban ƙauye ya sani: mai giyar hannu in batir ya mutu, yara huɗu sun tura ta ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi. A hanyar da dare ke yi wa mutum babu gari kusa, kuma kowa ya san halin tsaro a bakin iyakar nan, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

(Kiɗa kaɗan)

Jama'a, har yanzu muna tare, muna zancen sayen ƙaramar mota ta hannu. Mu je wurin ciniki.

Ba a cinikin biri a sama. Hoton WhatsApp ba mota ba ne, kuma kada ka aika wa kowa kafin alƙalami a kan motar da ba ka taɓa da hannunka ba. Ka je da ƙafarka, ka tafi da makanikenka, wanda kai ka ɗauko, kai za ka biya shi kuɗin mota da na wuninsa. Dillali ba maƙiyinka ba ne, sana'arsa yake yi, amma la'adarsa ba ta fitowa sai an sallama. Za ka ji yana cewa, "Alhaji, wannan wata tsohuwa ce ta hau ta a Beljiyam, daga gida sai kasuwa. Ba a taɓa kwance injinta ba, bugu ɗaya take tashi." Ka ce masa madalla, sannan ka bar makanike ya yi aikinsa. Mai motar da ya hana a duba ta da kyau, ya riga ya gaya maka abin da kake son sani.

A je da sassafe, da sharaɗin kada a tayar da ita kafin ku iso. Ɗora hannu bisa inji. In da ɗumi, an riga an ɗumama ta, ku dawo gobe. Inji mai sanyi shi ke fallasa batir mai rauni, da sarƙar da ta saki, da hayaƙin da ke ɓacewa in mota ta yi zafi.

Kafin a murza makulli, a fara da ruwa, don zafi shi ne ajalin yawancin ƙananan motoci a ƙasarmu. A buɗe murfin lagireto tun inji na sanyi. Ruwan kirki yana da launi, kore ko ja-ja, kuma garau yake. In ka ga jan ruwa mai tsatsa kamar na tabki, ruwan rijiya aka daɗe ana zuba mata, kuma ya riga ya toshe hanyoyin cikin lagireto. In ka ga mai na yawo a kansa, ko ka buɗe murfin baƙin mai ka tarar da wani farin kumfa mai kauri ya manne, to ruwa da mai suna haɗuwa, gasket ɗin kan inji, wanda makanikai ke kira juwan kilas, ya ƙone. A tayar da ita murfin na buɗe, in kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, magana ɗaya ce. Sai dai a kiyaye, ba a buɗe wannan murfi in inji ya yi zafi. Ruwan na tafasa ƙarƙashin matsi, ya saɓule wa mutane da yawa fuska da hannu.

Ka kuma lura da fanka. Fankar lafiya ba ta juyawa sai inji ya yi zafi, ta yi aikinta ta tsaya. In tana juyawa tun daga murza makulli, an haɗa ta kai tsaye, kuma galibi an cire ɗan ƙarfen nan mai daidaita zafin ruwa, kalosta. Na san makanikai da yawa a nan sun yarda cewa cire shi gata ne ga mota a ƙasar zafi. Ina girmama su, amma ban yarda da su a nan ba. Kalosta mai lafiya in ruwa ya yi zafi buɗewa yake gaba ɗaya, ba ya hana komai. Cire shi na sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cinyewa. Ga mai saye kuma, tambayar ita ce me ya sa aka cire? Sau da yawa motar ta taɓa tafasa ne, aka rufe ciwon ba a warkar da shi ba.

Murza makulli rabi, kada ka tayar. Fitilun allon gaba duka su kama: ta baƙin mai, ta batir, ta inji, ta jakar iska, ta birki. In ta tashi, su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, ƙila an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta don kada ta tona asiri. Motocin fetur da aka sayar a Turai daga 2001 suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar da ke karanta ƙwaƙwalwar mota. In akwai mai na'urar a garin da kuke ciniki, kuɗin da zai karɓa bai kai na taya ɗaya ba, a biya shi.

Sannan a koma baya a dubi salansa, wani ya taka totur. Shuɗin hayaƙi, inji na ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da bai daina ba bayan ta yi zafi, ruwa ne. Baƙi, man ya yi mata yawa. Ja sandar awon baƙin mai ka murza a yatsa. In ya yi kauri ƙwarai yana danƙo, wasu kan zuba mai nauyi don inji ya yi shiru na kwana biyu. Ƙarar salansa ma abin saurare ce. A cikinta akwai wata tukunya mai tace hayaƙi, wadda ke ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinom, kuma sau da yawa ana fasa ta a kwashe cikin tun kafin mota ta iso hannun mai saye.

Kada lambar kilomita ta ruɗe ka. Majalisar dokokin Tarayyar Turai da kanta ta ce a 2018, cikin motocin hannu da ke ƙetare iyaka tsakanin ƙasashensu, kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari an taɓa musu wannan lamba. In haka ne tsakanin Jamus da Folan, ina ga wadda ta ƙetare teku? Abin da ba a iya mayarwa baya shi ne jikin mota: robar fedar birki da ta kuloci da ta suɗe, sitiyarin da ya yi santsi, kujerar direba da ta lotsa. Mota ta ce kilomita 80,000 amma fedarta ta cinye har ƙarfe, ka yarda da fedar.

Yanzu a shiga ƙarƙashi, a rami ko a ɗaga ta da jak. Wannan shi ne wurin da masu saye suka fi ƙyuya, kuma nan hanyarmu ta fi duka. A Turai gishiri suke watsawa a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa, sama kuwa fenti na ƙyalli. Makanike ya sa sukundireba ya caccaki dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da mazaunin shokozoba, da bututun birki. Inda ya burma, a haƙura da motar. In ka ga an shafe ƙasan da sabon baƙin kwalta, ka tambayi abin da aka rufe. A dubi kaskon baƙin mai ko dutse ya taɓa lotsa shi, a dubi robobin da ke rufe gaɓoɓin ƙafafun gaba, don in sun yage yashi ya shiga, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas a kwana. A nemi alamar walda a shasi. Motar da ta yi mummunan hatsari aka miƙe ta ba ta sake tafiya daidai, tana cin taya gefe ɗaya har ranar da za a rabu da ita. Ƙaramin maganaɗisu na taimakawa a jikin ƙofofi da gefuna, inda ya ƙi kamawa an cike wurin da hoda an fesa fenti.

Ɗaga kafet ka sa hanci. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa. Warin ruma, ko busasshen laka a ramin safaya, ko tsatsa a ƙarƙashin kujeru, alamar motar da ruwa ya ci ce. Guguwar Harvey ta nutsar da motoci dubbai a Amurka a 2017, ambaliya ta yi haka a Jamus da Beljiyam a Yulin 2021, kuma irin waɗannan motoci kan bi gwanjo su fita ƙasashen waje. Suna tashi lafiya ranar ciniki, wayoyinsu na ruɓewa a hankali.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na 2017. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, a kwaltar Madawa zuwa Ƙonni da tsakar ranar bazara tana iya fashewa. Ka sa kuɗin sababbi cikin lissafin tayinka.

Sai gwaji. Zagaye ɗaya a bakin kasuwa ba gwaji ba ne. A yi rabin awa, rediyo a kashe, a hau kwalta a ba ta wuta, sannan a sauka burji a ji abin da ƙafafunta za su ce. A sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu a taka totur. In inji ya yi kuka mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya ƙare. A taka birki da ƙarfi a ga ko tana fizga gefe. A kunna na'urar sanyi, a tsaya a rana minti goma inji na aiki, idonka na kan allurar zafi.

(Kiɗa kaɗan)

Saura takardu, kuma wallahi sun fi inji muhimmanci, don inji ana gyara shi, motar da aka kama kuwa ta tafi da kuɗinka. Kowace mota tana da lambar shasi, yawanci mai harufa da lambobi 17. Tana buge a jikin ƙarfen motar, tana kuma kan kat giris. A karanta su ɗaya bayan ɗaya, su zo daidai. In wurin lambar ya nuna alamar guga, ko walda, ko sabon fenti shi kaɗai, ka tashi ka bar wurin. Sunan da ke kan kat giris ya dace da katin shaidar mai sayarwa, in kuwa ba shi ba ne, ya nuna takardar da ta ba shi izini. A ga takardar duwan ta asali, a ga inshora, da binyat, da takardar bizit.

Mu da ke bakin iyaka muna da jarrabawa ta musamman. Tun da naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, mai sefa na ganin motocin Najeriya da araha, kuma da yawansu halal ne, masu su na sayarwa don buƙata. Amma mota mai lambar Najeriya ba ta zama taka a nan sai ta bi ta duwan an biya abin da doka ta ce, kuma wannan kuɗi a sa shi cikin lissafi tun kafin a taya. Motocin sata ma ta iyaka suke bi. Hukumar Interpol na da rumbun lambobin motocin da aka sace a duniya, don haka ka kai lambar shasi wurin ƴan sanda a duba kafin ka biya. Mota mai kyau, kuɗi ƙasa da na kasuwa nesa, mai ita na gaggawa, takardu "suna zuwa gobe": kada ka taɓa. In an daidaita, a rubuta takardar ciniki da lambar shasi da kuɗin da aka biya, shaidu su sa hannu, a kai a buga hatimin hukuma, sannan a je ofishin sufuri a mayar da kat giris sunanka. In da sauran bashi a rubuta shi da ranar biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Kada ka ƙarar da kuɗinka a ranar saye. In miliyan biyu da rabi gare ka, nemi motar miliyan biyu. Sauran na makon farko ne: baƙin mai da matatarsa, matatar iska, matatar fetur, fulogi, wanke lagireto a zuba ruwansa na gaskiya, birki. In mai bel ɗin tayimin ce, irin Starlet, 206, Clio ko tsohuwar Picanto, a canza bel ɗin nan take, kada a saurari "bai daɗe da canzawa ba". A injin 206 da Clio in ya tsinke ana tafiya, bawul ke lanƙwashewa, aikin ya koma kwance kan inji. A sa mai walda ya ɗaura mata farantin ƙarfe ƙarƙashin inji saboda duwatsu.

Daga nan amana ta dawo hannunka. Ƙaramar mota lita 6 zuwa 7 take sha a kilomita 100. A Yulin 2024, lokacin da aka sauke litar fetur zuwa sefa 499, kuɗin wannan bai wuce jika uku da rabi ba. To kada a yi tsimin dala kaɗan a kashe famfon mai. Inda akwai gidan mai a sha a can, in kuwa dole sai na ƴan ruwa-ruwa, a tace da ƙyalle mai tsabta, kuma kada a bar tanki ya riƙa ƙafewa, don man ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa. Matatar iska a kakkaɓe ta kowane mako da hunturu. Abin da aka yarda yawancinsu su ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, wajen kilo 400 ne. Manya biyar sun kusa cike wannan, buhun albasa guda kuma ya haura kilo ɗari. In damina ta sauka, ƙorama na gudu, a tsaya a jira. Bakin da injin ƙaramar mota ke shaƙar iska yana ƙasa-ƙasa, ya shaƙi ruwa inji ya tafi nan take, kuma ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 ya isa ya ɗaga motar da mutanen cikinta.

Kira na ƙarshe gare ku ne, iyayenmu da yayyenmu masu sayar da motoci da dillalai. Malamanmu sun karantar a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda aka ɓoye wa yana da haƙƙin mayarwa. Wanda ya zo gabanka da kuɗin nan, wataƙila shanunsa ya sayar, wataƙila shekara biyar ya yi yana dako a ƙasar wasu. In motar na zafi, ka ce tana zafi. In ta taɓa hatsari, ka faɗa, a rage kuɗi, ya saya da saninsa. Ku kuma makanikai, wanda ya ɗauko ku duba mota ya ba ku amanar dukiyarsa da ran iyalinsa, kada ku karɓi na goro daga ɓangare biyu.

Mai tambaya kan wata mota da yake shirin saye, ya aiko da sunanta da shekararta da irin giyarta, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)